Martani Ga Malamin Da Ya Raina Haɗin Goge

Ina roƙon Edita ya ara mini ɗan fili domin in mayar da jawabi ga wani malami ɗan'uwanmu, wanda maƙalarsa a kan gogen Turawa ta iso mana nan Garwa a watan da ya shige, aka yi ta miƙa wa juna ita a zaurukan Hausari har takardar ta yi laushi. Na karanta ta sau biyu, na farko da sha'awa, domin Malam ya iya zance kuma ya sha karatu, na biyu da ɗan ɓacin rai, domin na ga ya sa mudu ya auna abin da ya sani tsaf, sa'an nan da ya iso kan abin da bai zauna ya duba ba, sai ya yar da mudun ya koma kintace. Taƙaitaccen abin da ya yi da'awa shi ne, gogen Turawa, wanda masu jin Faransanci a nan ke kira biyolon, ɗan ilimi ne da hisabi, muryarsa daga zaɓaɓɓen itace da ƙayyadadden awo take fitowa. Amma namu ƙwarya ce kawai da fatar ƙadangare da gashin doki, duk wadda hannu ya kai kanta ita ce, in ya yi daɗi sa'a ce, in bai yi ba babu mai tuhuma. Saboda haka, a ganinsa, ko dai a sāke masa jiki da katako da waya a kan awo guda, ko kuwa a bar shi ya bi kakanninsa.

Tun kafin in shiga, bari in ajiye wata mas'ala a gefe, kada a ɗora mini abin da ban ɗauka ba. Hukuncin kiɗa a shari'a, da irin tsananin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa suka yi a kan goge da wuraren da ake kaɗa shi, musamman saboda kusancinsa da bori, abu ne sananne, kuma ni ba mufti ba ne balle in tsoma baki. Malam ma bai zo da fatawa ba. Abin da ya musanta shi ne kasancewar sana'a a cikin abin, kuma a nan kaɗai nake jayayya da shi, domin mutum na iya rantsewa ba zai taɓa hawa doki ba, amma wannan bai ba shi ikon ya ce sirdi tsirowa yake yi a daji ba.

Mafi yawan abin da ya faɗa game da gogen Turawa gaskiya ne, ba ni da niyyar rage masa ko ƙwayar zarra. A birnin Kiremona na arewacin Italiya ne Andireya Amati ya daidaita siffarsa a ƙarni na 16, zuriyarsa suka gāda, har sana'ar ta kai ga Antoniyo Sitradibari, wanda ya rasu a 1737 yana da shekara fiye da 90, da Jusefe Gwarneri da ya bi bayansa a 1744. Fuskar gogen ana sassaƙa ta da wani itace marar nauyi mai miƙaƙƙiyar jijiya da ke tsiro a duwatsu masu sanyi, Faransawa na ce masa efisiya, bayansa da wuyansa kuwa da wani mai tauri da suke kira erabul. Ana rarake fuskar har kaurinta ya komo kamar milimita 3, a haɗa guntaye wajen 70 da danƙo, a kafa wani ɗan tsinke a ciki tsakanin fuska da baya, wanda saboda girman aikinsa suka raɗa masa suna ruhi. Ɗaya daga cikin na Sitradibari, ƙirar 1721, an sayar da shi a 2011 a kan fam miliyan 9.8 na Ingila. Duk wannan na sallama. Inda muka rabu shi ne wurin da Malam ya ɗauka cewa tun da wancan yana da littafi da ma'auni, to wanda ba shi da su ba shi da ilimi, alhali kuwa a wurin masu usuli rashin samun abu a rubuce bai taɓa zama hujjar rashin samuwarsa ba.

Shekarun baya, wata ranar Lahadi bayan an gama kaka, na raka wani dattijo mai goge, maƙwabcinmu, zuwa kasuwar Pitowa da ke 'yar tafiya kaɗan daga Garwa a kan hanyar Marwa, domin ya ce mini ƙwaryar gogensa ta tsage kuma ba zai kai ta wa gyartai ba, don ƙwaryar da aka ɗinke takan yi zuga kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Na zaci aikin minti biyar ne. Sai da rana ta take muna tsugune gaban masu ƙorai, yana ɗaukar wannan yana ajiye waccan, ya wuce zanannun ƙoran da matan Fulani suka ƙawata da wuta ko kallo bai yi musu ba, ni kuwa su ne suka ɗauke mini ido. Kowace ya ɗauka sai ya ƙwanƙwasa bayanta da farce ya kara a kunne, ya ɗaga ta sama ya dubi bakinta ko kaurinsa ya zagaye daidai, ya matsa ta tsakanin tafuka biyu ya ji ko tana lanƙwasa, ya shinshina cikinta ya ji ko an fafe duman tun bai ƙosa ba. Ya taɓa fiye da talatin kafin ya biya kuɗin ɗaya, mai ƙoran har ta fara yi masa habaici da Fulatanci. A hanyar komowa ya bayyana mini cewa wadda ta cika sirantaka surutu take yi ba magana ba, kuma ba ta jure jan fata, wadda ta cika kauri kuwa haɗiye murya take yi. Mai zurfi da faɗi tana ba da babbar murya ta namiji, 'yar ƙarama marar zurfi tana ba da siririya mai tsini. To, Allah gafarta Malam, mene ne bambancin wannan da abin da ka ba mu labari na masassaƙin Kiremona da ke ƙwanƙwasa allon itace yana saurare kafin ya sa masa wuƙa? Na ga dai kunne ɗaya ne da farce ɗaya, sai dai shi wancan an rubuta sunansa.

Kuma maganar dattijon tana da illa da malaman ɗabi'a suka tabbatar. Iskar da ke kulle a cikin kowane mazubi tana da sautin da take amsawa da shi, gwargwadon girman cikin da faɗin bakin, kuma duk yarinyar da ta taɓa cika tulu a bakin kogin Binuwai ta san kukan tulun yana ƙara hawa yayin da ruwa ke cin wurin iska. Wani Bajamushe mai suna Helmholtz ya yi wa wannan sharhi da lissafi a littafinsa na 1863, kuma wannan ƙa'ida ita ce ke aiki a ramuka biyu masu lanƙwasa da ke fuskar biyolon, ita ce kuma ke aiki a ƙofar da mai goge ke yankewa a gefen fatar gogensa, wadda yakan fara ta ƙarama ya riƙa ƙara mata faɗi kaɗan kaɗan yana gwadawa, domin ya san in ta wuce kima ba ta komowa.

Sai batun fata, inda Malam ya yi kuskuren da ya fi ba ni mamaki, da ya kira ta fatar ƙadangare, sai ka ce jan gwada ake kamowa a bangon masallaci. Fatar guza ce, wannan babba mai zama a bakin ruwa, wanda gaɓar Binuwai da fadamunta ba su rasa shi, wasu kuma su yi da ta damo. An zaɓe ta ne a ƙasar da fatar akuya da ta tunkiya suka fi komai araha, a ƙasar da majeman Marwa suka yi suna tun kafin zuwan Jamus, kuma mutum ba ya barin abin da ke ƙofar gidansa ya tafi neman na bakin kogi sai da dalili. Dalilin shi ne tana da sirantaka tare da ƙarfi, ba ta da gashi, ba ta saurin saki, ga ta da sauƙin motsi, har ƙaramin girgizar tsagiya ya isa ya kaɗa ta. Ana jiƙa ta a shimfiɗa a bakin ƙwarya tana ɗanya, a ja ta ta kowace fuska daidai, a kafe da ƙananan ƙusoshi, a bar ta ta bushe a inuwa tana ƙara ɗamewa da kanta. Wanda ya ja da yawa, ranar da hunturu ya busa sai ƙwarya ta tsage ko fata ta yage, wanda ya yi sakaci kuma sai gogensa ya yi ta gunaguni kamar mai mura. Sanin iyakar da za a tsaya tun fatar tana jiƙe, alhali sautinta na gaskiya ba zai bayyana ba sai bayan kwanaki, shi ne abin da nake kira ilimi, ko da mai shi bai san alif ba.

A kan fatar nan ake ɗora ɗan guntun itacen da ke ɗauke da tsagiya, wanda masu sana'ar ke kira jaki, kuma ban san sunan da ya fi wannan dacewa ba, don shi ke ɗaukar kaya ba a gode masa. Na sha ganin dattijon nan yana matsar da jakinsa da ɗan abin da bai kai faɗin ƙwayar gero biyu ba, ya goga, ya girgiza kai, ya mayar. In jaki ya matso tsakiyar fata murya takan cika ta yi kauri, in ya koma gefe takan sirance ta yi kaifi. In itacen ya yi nauyi ya danne sauti, in ya yi sakayau ya bar shi ya yi ƙara marar daɗi. Abin da Malam ya cika shafi guda yana yabo game da ruhin biyolon, cewa gusar da shi da milimita ɗaya na sāke muryar gogen duka, shi ne wannan, illa dai namu a waje yake kowa na gani, shi ya sa aka raina shi.

Tsagiya kuwa, wato gashin wutsiyar doki, a nan ne ma da'awar Malam ta juyo ta sare shi, domin bakan da Bature ke goga biyolon ɗinsa da shi har gobe gashin doki ne, daga Mangoliya da Saibiriya ake kai musu, kuma sun fi son na ingarma a kan na goɗiya. Ƙaron da ake shafa wa izga don ta kama, su ma suna shafa irin nasu na itacen ƙasarsu. Wannan dabara ta girmi sana'ar Kiremona da ƙarnuka: Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekara ta 950, ya ambaci rababa a babban littafinsa na kiɗa, Ibnu Haldun kuma a Muƙaddima ya siffanta yadda ake jan baka a kan tsarkiya bayan an shafe shi da kaki da lubban, kuma lubban ɗin nan ɗan'uwan hanon da ke tsiro a duwatsunmu ne. Bambancin da ke akwai shi ne, tsarkiyar biyolon igiya ce guda murɗaɗɗiya, da can ta hanjin tunkiya, yau ta ƙarfe ko ta roba, ita kuwa ta goge damin gashi ne da aka jera ba a tufka ba, kowane sili da ɗan bambancin ɗaurinsa. Daga nan ne wannan ɗan kaushi da shaƙewa ke fitowa, wanda Malam ya kira aibi. Mai goge yana iya rage shi ko ya ƙara shi ta yawan silin da ya ɗaura, kuma da gangan yake barinsa, don shi ne ke sa goge ya yi kama da maƙogwaron ɗan Adam.

Wannan ya kawo ni ga asalin ɓacin ƙiyasin Malam, domin sharaɗin ƙiyasi shi ne reshe da tushe su haɗu a illa, in ba su haɗu ba ƙiyasin ya faɗi. Biyolon an gina shi ne domin ɗaki mai rufi, ya shiga cikin 'yan'uwansa goma ko ashirin su tashi da sauti ɗaya ba a jin na wani ya fita daban, suna bin abin da aka rubuta musu a takarda. Dole ne a yi masa awo guda. Goge an gina shi domin fili, shi kaɗai a kan masu kiɗan ƙwarya, kuma aikinsa magana. Harshenmu harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya kaɗai ke raba kukan hawaye da kukar miya, kuma mai goge ba ya danne tsagiya a jikin sanda, taɓa ta yake yi da cikin yatsu tana rataye a iska, yana zamewa daga sauti zuwa sauti yadda harshe ke yi, har wanda ya san take ya ji an kira sunansa da na ubansa ba a buɗe baki ba. Saboda haka kowane mai goge yakan haɗa nasa da hannunsa a kan muryarsa ko ta mawaƙinsa, kamar yadda ake ɗinka wa mutum riga a kan jikinsa. Wanda ya saurari Garba Liyo ko Audu Yaron Goge, sa'an nan ya saurari kukumar Ibrahim Na Habu ko Garba Supa ko Hassan Wayam, zai ji da kunnensa yadda ƙanƙantar ƙwarya da gajartar tsagiya suka mai da kukuma wata halitta daban mai zaƙin murya da saurin ƙafa. Tsofaffinmu da suka yi zamani da Rediyon Garwa ba sa bukatar a yi musu wannan bayani. Haka Fulanin lamidoci suke da gegeru nasu, Zabarmawa da goje, Dagwamba da gonje, matan Buzaye da imzad, kowa ya yanka wa harshensa daidai da shi. Magabata sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, kuma biyolon akushi ne, an sassaƙa shi da kyau, amma akushi ne.

Har ma sirrin itacen da Malam ya jingina da shi bai kai ƙarfin da yake zato ba. A 2010, a birnin Indiyanafolis na Amurka, wata malama Bafaranshiya mai suna Kulodiya Firitz da wani mai haɗa biyolon, Yusufu Kartin, suka tara makaɗa 21 a ɗaki mai duhu, aka sa musu baƙin tabarau, aka ba su goge shida, uku sababbi, biyu na Sitradibari, ɗaya na Gwarneri. 13 daga cikinsu sabo suka zaɓa, kuma wanda aka fi ƙi duka na Sitradibari ne. Aka sāke gwajin a Faris a 2012 da gwanaye 10 da goge 12, 6 suka ɗauki sabo. Ban kawo wannan don in ƙasƙantar da mutanen Kiremona ba, Allah ya sani. Na kawo shi ne don Malam ya ga cewa suna da tsada su ma suna shiga kunne, kuma la'alla abin da ya hana shi jin hikimar da ke cikin gogenmu shi ne bai taɓa jin an sayar da shi fam miliyan ba. Ya kuma manta bai gaya wa masu karatu ba cewa kusan duk tsofaffin gogunan nan an tsawaita musu wuya an sāke musu katakon ciki a ƙarni na 19 don su ƙara ƙarfi, ashe awon nan da ya ce ba ya sākewa shi ma ya bi zamani.

Amma insafi ya wajabta mini in ba shi gaskiyarsa a wuri biyu. Na farko, fata tana jin damina. Daga Yuni zuwa Satumba sai ka ga mai goge yana kara gogensa kusa da garwashi kafin ya fara, kuma wannan wahala ce ta haƙiƙa. Sai dai maganin da Malam ya kawo ya fi cutar muni, domin biyolon yana son danshin iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100, mu kuwa a nan, daga hunturu zuwa bazarar Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, danshin kan faɗo ƙasa da 20, inda siririn katako ke tsagewa danƙo ya saki. Ƙwaryar da ta tsage ana maye ta ranar kasuwa, shi kuwa wancan sai an nemi gwani a wata ƙasa. Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, guza ba shi da yawan da yake da shi a da, fataucin fatarsa zuwa ƙetare ma yana ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1973 mai kula da cinikin namun daji, kuma a garin da Makarantar Namun Daji take tun 1970 bai kamata mu yi kamar ba mu ji ba. Na ga samari suna rufa ƙwarya da fatar ɗan akuya da aka kankare ta yi siriri, wasu har suna ɗaura igiyar kamun kifi maimakon tsagiya. Ta akuyar ana iya zama da ita in an iya jima. Igiyar roba kuwa tana ba da sauti mai santsi marar gishiri, kuma ranar da na fara jin ta na gane abin da gyaran Malam zai haifar in aka bi shi har ƙarshe.

Da Malam ya ce laifinmu shi ne ba mu rubuta ba, da na miƙe na ba shi hannu. Sai da wasu masu bincike, Ames da King, suka zo suka tattara kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Erlmann Bajamushe ya zauna da maroƙan Fulanin yankin Diyamare ya fitar da littafinsa a 1980, wata malama Ba'amurkiya, Jakilin JeJe, ta rubuta littafi sukutum a kan gogen Fulani da Hausawa da Dagwamba a 2008. Hukumar UNESCO ta shigar da sana'ar Kiremona cikin gādon duniya a 2012, ta shigar da imzad na Buzaye a 2013, mu kuwa dattijon da na ba da labarinsa ya rasu ba wanda ya auna ko ƙwarya ɗaya daga cikin nasa, har da ni da na raka shi kasuwa. Malam yana da alƙalami da ma'auni da sanin hisabi, abubuwan da masu sana'ar ba su da su. Ina gayyatarsa ya zo Garwa bayan kaka, masaukinsa na wuyana, mu tafi Pitowa ranar Lahadi tare da ɗaya daga cikin masu gogen da suka rage, ya riƙo ma'auninsa da littafinsa, ya rubuta kaurin kowace ƙwarya da aka ɗauka da na kowace da aka ajiye.